Littafi Mai Shuɗin Bango

Mita goma sha takwas ƙarƙashin ruwa,
ba wanda ya taɓa tambayata fasfo.
Kififiyar nan mai tabo a ƙoƙon baya
takan dube ni da ido ɗaya, ta wuce abinta.
Amma a tudu, a tsibirin Koh Tao,
ni ba mutum ba ce sai an buga mini hatimi.

Sati bakwai ke nan rigar nutsona na rataye
a bayan shagon Pranom,
har gishiri ya yi mata furfura.
Pranom ta ce, "Ilze, ko igiyar jirgi kada ki taɓa.
Ɗaga tukunyar iska ma aiki ne a idon doka.
In suka zo, ni tara, ke jirgin gida."
Sai in zauna a benci da kofin shayi mai ƙanƙara,
ina ƙirga ɗaliban da wani ke kaiwa teku.

Na koyi nutso a Riga,
inda ruwa kan daskare har a taka shi.
Na fid da mutum biyu daga bakin mutuwa.
An ce iya ruwa fid da kai.
Ashe akwai ruwan da ba a iyo a cikinsa:
hoto uku, fuska ba murmushi,
shaidar likita cewa ba ni da kuturta,
ba ni da tarin fuka, ba ni da tundurmi,
sa hannu a kowane shafi, har wanda ba komai a kai,
da sunan 'yan ƙasa huɗu
da shago zai ciyar kafin ya ciyar da baƙuwa ɗaya.

Sau biyu na kwana a jirgin dare zuwa Surat Thani,
kan tabarmar roba, tsakanin buhunan albasa.
A zuwan farko tawadata baƙa ce, shuɗiya ake so.
A na biyu mai hatimin ya tafi jana'iza.

Da na dawo ina ta mita a ɗakin injin iska,
Thiha bai ɗago kai ba.
Sai da ya cika tukunya ta arba'in
ya share hannu a wando,
ya zaro kati daga leda, leda daga cikin leda.
Shekara goma sha ɗaya da barinsa Dawei.
Katin ya ce lebura.
Ni kuwa na gan shi ranar da ƙarfen tsayar da jirgi ya maƙale a murjani:
numfashi ɗaya ya ja, ya faɗa,
ba gilashi, ba takalmin iyo,
na ƙirga har ɗari da ashirin kafin kansa ya ɓullo
yana dariya, igiya a haƙori.

Na haɗiye sauran maganata.

Littafin ya zo ranar Laraba, cikin ruwan sama.
Ɗan ƙarami, shuɗin bango, bai kai tafin hannuna ba.
Ga sunana da harufan da ban iya karantawa,
ga shago ɗaya, aiki ɗaya, shekara ɗaya.
Pranom ta kulle shi a aljihun tebur
tare da rasit da maganin sauro.

Wa zan fara kaiwa?
Ta ce akwai Jamusawa uku gobe da safe.
Na ce jibi.

Yanzu ga mu a mita shida, gwiwa kan yashi.
Thiha na shaƙar iskar da ya cika da hannunsa,
karon farko.
Idanunsa sun cika gilashin.
Na haɗa babban yatsa da manuni: lafiya?
Bai amsa ba.
Yana kallon kumfar bakinsa tana hawa,
tana girma, tana haɗuwa da tawa,
har ba a gane ta wane ce.

Ƙarfe huɗu zai koma ɗakin inji.
Saura minti talatin da ɗaya.